Sha-ka-fashe: Wa Ya Ce Ƙiba Ce Shaidar Jin Daɗi?

A wani biki nan Malbaza na ga wata gwaggo ta kama damtsen amarya tana cewa, "Haba ɗiyata, haka za ki shiga ɗaki kamar sillen kara? Sai dangin miji su ce da yunwa muka rene ki." Kafin la'asar an aiki yaro wurin mai tallar magani, ya dawo da ƙwayoyi ƙulle a leda. Sha-ka-fashe ke nan. Na gaji da ganin wannan ganganci.

Ƙiba dai taruwar kitse ce fiye da abin da jiki zai ɗauka lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ita, kuma a tsakanin manya ta ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Da can muna jinta daga Amurka, yau ga ta a Ƙonni da Galmi.

Mu ƙasar da ta san fari ce, shi ya sa rama ke ba mu tsoro. Mace ta yi jiki, a ce mijinta ya iya kiwo. Alhaji ya ajiye tumbi, a ce arziki ya zauna. To, wane arziki ne ke hana mutum durƙusawa a sahun salla? Da yawa daga cikin ƙwayoyin sha-ka-fashe kuwa deksametazon ne, maganin da lokotoro ke rubutawa mai asma ko kumburi, na ɗan lokaci. Wadda ta maida shi abincin kullum sai fuska ta yi mata suntum, ciki ya fito, ƙafafu su sirance. Mutane na yaba ta, alhali ruwa ne da kitse suka taru, sukari da hawan jini na tafe, ƙashi na rauni. Ranar da aka kwashe ta zuwa likita, masu cewa "kin yi kyau" ba su biyan ko dala.

Ban da ƙwayoyi, gado daga iyaye na da nasa hannun a ƙiba, haka ma zaman wuri ɗaya da hawan kabu-kabu zuwa bakin layi. Amma babban ɓarawon yana cikin kwano.

Lemon kwalba ɗaya mai santilita 33 na ɗauke da sukari wajen giram 35, ga shi giram 50 ne iyakar da aka shawarci babba a wuni. Ƙara shayin fada zagaye uku, ka yi lissafi da kanka. A rage sukarin shayi da na fura sannu-sannu har harshe ya saba. Gishiri kada ya kai cokalin shayi ɗaya a wuni, kuma dunƙulen magi gishiri ne; daddawa da albasarmu ta Galmi sun isa su tada miya. Uwargida, a riƙa auna mai da cokali, a bar tuttula shi daga galan. A koma ga gero, wake, kwaɗon zogale da miyar kuka, a taƙaita taliya da soye-soye. Yaro ya yi kuka, a miƙa masa gyaɗa ko mangwaro maimakon alewa. Maigida ya taka zuwa kasuwa da ƙafa. Wadda ta daɗe tana shan ƙwayar kuwa kada ta yanke lokaci guda, akwai haɗari. Ta je lokotoro ya rage mata daki-daki, ya auna jininta da sukarinta.

Ku kuma gwaggwanni, ku ji tsoron Allah. Ɗiyar da kuka kai ɗaki siririya da lafiyarta ba ta ba ku kunya ba.