"Ai Manhaja Ba Ta Nuna Shi": Maganar da ke Tona Asirin Jama'a

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu rubuta manhajojin waya da shafukan intanet, musamman sababbin shiga. A tambayi mutum dalilin da ya sa sabarsa take turo lambar waya da ranar haihuwa da adireshin gidan kowane mai rajista, alhali sunaye kawai ake gani a fuskar waya, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce: "Ai manhaja ba ta nuna shi." Ana jin ta a bakin ɗalibin da ke haɗa aikin kammala digiri, ana jin ta a bakin wanda aka biya kuɗi ya gina wa makaranta ko asibiti tsari. Abin takaicin shi ne mai faɗin ta ya yi imani da ita har zuciyarsa.

A taƙaice, saba ita ce babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanai, API kuwa ita ce ƙofar da manhaja ke ƙwanƙwasawa ta nemi abin da take so. Kowane bayani yana da gurabe: gurbin suna, gurbin hoto, gurbin lambar waya, da sauransu. Tambayar ita ce wa zai yanke yawan guraben da za su fita ta ƙofar nan.

Malalacin magini yana turo duka ne, ya bar wa manhaja aikin tacewa. Daidai yake da magatakardan da aka tambaya sunan wani ma'aikaci, ya ɗauko fayil ɗinsa gaba ɗaya, da takardar albashi da ta asibiti, ya miƙa wa baƙo yana cewa kada ya buɗe shafi na biyu. Abin da saba ta aika ya riga ya bar hannun mai shi, ya sauka a na'urar wani. Wanda ke zaune gaban kwamfuta in ya danna F12 a burauzarsa zai ga duk abin da ya iso, har wanda shafin ya ɓoye. Na waya ma ba wuya gare shi ba, akwai kayan aiki na kyauta da ke nuna duk saƙon da ke shiga da fita tsakanin manhaja da saba. Ba sai mutum ya zama gwanin kutse ba, yaron da ya yi wata uku yana koyon sana'ar ya iya.

Wanda yake ganin ana zuzuta lamarin ne, ya dubi abin da ya faru a jihar Missouri ta Amurka a watan Oktoban 2021. Wani ɗan jarida na St. Louis Post-Dispatch mai suna Josh Renaud ya gano cewa shafin ma'aikatar ilimi ta jihar, wanda aka yi don duba takardun shaidar malamai, yana turo lambobin sirri na zama ɗan ƙasa na malaman a cikin rubutun da ke bayan shafin. Ba a ganin su a fuska, amma suna nan a kwamfutar duk wanda ya yi bincike. Lambobin malamai da ma'aikata sama da 100,000 ne ke cikin haɗari. Jaridar ta sanar da ma'aikatar, ta riƙe labarin sai da aka toshe kafar. Gwamna Mike Parson kuwa, maimakon godiya, sai ya kira ɗan jaridar mai kutse, ya yi barazanar gurfanar da shi. A watan Fabrairun 2022 mai gabatar da ƙara ya ƙi shigar da tuhuma, domin ba wata ƙofa da aka ɓalla. Gwamnati ce ta aika wa mutane abin da bai kamata ta aika ba.

A shekarar ce kuma wani mai binciken tsaro, Jan Masters, ya nuna cewa API ɗin kamfanin Peloton mai kekunan motsa jiki tana bayar da shekarun mutum da jinsinsa da garinsu da nauyinsa, ko da ya rufe shafinsa daga idon jama'a. Ƙungiyar OWASP, wadda ke fitar da jerin manyan haɗurra goma na API, ta sa turo bayanai fiye da kima a matsayi na uku a jerinta na 2019. A na 2023 ta haɗe shi da wata matsala 'yar uwarsa, har yanzu a matsayi na ukun. Ba sabuwar cuta ba ce, kuma ba ta ƙananan kamfanoni kaɗai ba.

Sai maganar aljihu. Duk gurbin da aka turo ba a nuna ba, mai wayar ne ya biya datarsa, shi ne kuma ya zauna yana kallon da'ira tana juyawa a wurin da sabis ke rawa. A Najeriya, inda hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, wannan ba abin wasa ba ne. Gaskiya ne bidiyo da hotuna su ne manyan masu cinye data, amma wannan ba hujja ba ce ta ƙara wa mutum kayan da bai nema ba.

Manyan kamfanoni sun daɗe da gane haka, shi ya sa suka bar mai tambaya ya faɗi guraben da yake so. A Graph API ta Facebook, mutum yana ƙara fields=id,name a ƙarshen adireshi, a ba shi lamba da suna kawai. Microsoft na amfani da $select, wanda ya fito daga ƙa'idar OData. Da Twitter ta fitar da zubi na biyu na API ɗinta a 2020, sai ta koma bayar da ɗan abin da ba a rasa ba, kamar lambar saƙo da rubutunsa, sauran sai an roƙa. Google ta fi kowa tsanani a sabuwar Places API: wanda bai lissafa gurabensa ba saƙon kuskure zai samu, kuma kuɗin da za a caje shi ya danganta da abin da ya nema, adireshin shago ya fi sharhin kwastomomi arha. GraphQL kuwa, wanda Lee Byron da Nick Schrock da Dan Schafer suka fara a Facebook a 2012 lokacin da ake sake gina manhajar wayar kamfanin, aka kuma sake shi ga kowa a 2015, an gina shi ne kacokan a kan wannan tunani: ba a tambaya sai an ambaci gurabe.

To, a nan ne wasu ke faɗawa rami na biyu. Sun ji an ce a bar manhaja ta zaɓa, sai suka bar ta ta zaɓi komai. Idan API za ta ba da suna ga wanda ya rubuta name, me zai hana wani ya rubuta phone ko salary ya gwada sa'arsa? Zaɓen gurbi dabara ce ta rage nauyi, ba ta zama mai gadi. Dole saba ta duba kowane gurbi da kanta, ta tabbatar wannan mai tambayar yana da izinin ganinsa, ko da manhajar kamfanin ba ta taɓa neman sa ba.

Saboda haka magini ya fara da rubuta jerin guraben da aka yarda su fita, ba jerin waɗanda aka hana ba. Bambancin babba ne. Mai jerin hani zai wayi gari abokin aikinsa ya ƙara gurbin lambar NIN a rumbun bayanai, ya fita duniya ba wanda ya lura. Mai jerin izini kuwa, sabon gurbi ba ya fita sai an sa shi da gangan. Amsar da ake bayarwa in ba a nemi komai ba ta zama 'yar kaɗan, kamar yadda Google Drive ke ba da suna da lamba da nau'in fayil. In an nemi gurbin da babu shi, a faɗa ƙarara da saƙon kuskure, kada a yi shiru a bar mai tambaya yana lalube. Kuma tacewar ta fara tun daga rumbun bayanai: wasu suna ɗebo komai, su yi duk lissafi mai tsada, sannan su zubar da rabi a bakin ƙofa. Mai waya ya huta, saba kuwa tana nan tana nishi. Injiniyoyin Netflix sun bayyana a 2021 yadda suke duba jerin guraben da aka nema tun farko don su tsallake kiran da ba a buƙata.

Mai amfani da GraphQL ya sa iyaka ga zurfin tambaya da nauyinta, domin layi biyar na iya neman abokan abokan abokan mutum har saba ta durƙusa. GitHub, wadda ta buɗe tata API ɗin ta GraphQL a 2016, tana ba mai amfani maki 5,000 a awa, kuma tambaya ɗaya ba ta wuce abubuwa 500,000. A kuma sani cewa yawan salon tambaya yana wahalar da ajiyar wucin gadi ta amsoshi, tunda amsar wancan ba lallai ta yi wa wannan ba. Ƙaramar manhaja mai shafi uku wataƙila ba ta buƙatar duk wannan ɗawainiya, amsa gajera da amsa cikakkiya sun ishe ta.

Masu ba da kwangila ma da nasu. Shugaban makaranta ko mai asibiti ba sai ya iya rubuta manhaja ba kafin ya sa magini ya buɗe masa ainihin saƙon da saba ke turowa, su karanta tare, gurbi bayan gurbi. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta a taƙaita bayanan mutane ga iya abin da ake buƙata, kuma in asiri ya tonu, mai makarantar ne hukumar NDPC za ta fara nema, tunda shi ya karɓi bayanan iyaye da 'ya'yansu.