3.2 Bin Diddigin Gadon Wadanci ta Hanyar Zanen Salsala

A wannan sashe za a yi bayanin yadda ake amfani da zanen salsala wajen gano hanyar da wadanci ke bi daga iyaye zuwa 'ya'ya. Wadanci iri-iri ne, amma wanda ya fi yawa shi ne wanda likitoci ke kira akondurofilasiya, sunan da wani likitan Faransa, Jules Parrot, ya raɗa masa a 1878. Mai irin wannan wadanci yakan kasance da gajerun hannuwa da ƙafafu, musamman damtse da cinya, da babban kai, alhali gangar jikinsa kusan daidai take da ta kowa, haka ma hankalinsa. Matsakaicin tsawon namiji santimita 131 ne, na mace kuwa 124. Ana samun sa ga kimanin jariri 1 cikin 25,000.

3.2.1 Musabbabinsa

A 1994 ne masana a Amurka da Faransa suka gano cewa wannan wadanci yana faruwa ne saboda sauyi a wata ƙwayar gado mai suna FGFR3, wadda ke kan kuromosom na 4. Aikin wannan ƙwaya shi ne taƙaita girman guringuntsin da ke rikiɗa ya zama ƙashi. Idan ta sauya sai taƙaitawar ta wuce kima, dogayen ƙasusuwa su kasa miƙewa. Kowane mutum yana da wannan ƙwaya guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wadda ta sauya marinjayiya ce, wato guda ɗaya ta isa ta bayyana a jiki. A nan za a kira ta W, wadda ba ta sauya ba kuma w. Ke nan wada Ww ne, mai tsawo irin na kowa ww ne.

3.2.2 Yadda Ake Zana Salsalar

Ana nuna namiji da akwati mai kusurwa huɗu, mace da da'ira. Wanda ke da wadanci a cike alamarsa da baƙi, wanda ya rasu a ja layi a karkace a kanta. Layi ɗaya tsakanin namiji da mace yana nufin aure, layi biyu kuwa auren zumunci. Ana jera 'ya'ya a ƙarƙashin iyayensu daga babba zuwa ƙarami. Ana so zanen ya ƙunshi hawa uku aƙalla, wato kakanni da iyaye da jikoki. Wannan ya bambanta da salsalar da Bahaushe ya saba da ita, wadda ke bin wajen uba, domin a nan dangin uwa da na uba duk nauyinsu ɗaya.

3.2.3 Yadda Ake Karanta Ta

Akwai sigogi uku da ake cin karo da su. Ta farko, idan ɗaya daga iyaye wada ne (Ww), ɗayan kuma ba wada ba ne (ww). A nan kowane ciki yana da kashi 50 cikin 100 na gadon wadancin. Ga misali, idan magidanci wada yana da mata biyu, kuma aka sami wadanni maza da mata a ɗakunan biyu, zanen ya nuna daga wajen uba abin ya fito, kuma bai keɓanta da jinsi ɗaya ba. Ɗan da ya fito da tsawo irin na kowa bai ɗauki W ba, saboda haka ba zai gadar wa 'ya'yansa ba. Wato wannan wadanci ba ya tsallake ɗa ya faɗa kan jika.

Ta biyu, idan iyayen duka wadanni ne. A kowane ciki akwai kashi 25 na samun ww, da kashi 50 na samun Ww, da kashi 25 na samun WW. Jaririn da ya haɗa WW ƙirjinsa kan matse ƙwarai, yakan zo ba rai ko ya rasu yana jinjiri. Don haka ne ake wajabta sanya ɓari da jariran da suka rasu a cikin zanen.

Ta uku, wadda ta fi yawa, ita ce a ga alama ɗaya tak a cike, ba ta ga iyaye, ba ta ga kakanni. Kimanin kashi 80 cikin 100 na wadanni haka aka haife su. Dalili kuwa shi ne sabon sauyi, wanda ke aukuwa a maniyyin uba, kuma yiwuwarsa na ƙaruwa da ƙaruwar shekarun uban. Da wuya irin waɗannan iyaye su sake haifar wani wadan, amma shi wadan idan ya girma ya koma kan siga ta farko.

3.2.4 Matsalolin Tattara Bayani

Mai zana salsala a gidan Bahaushe sai ya yi hattara da wasu al'adu. Riƙo kan sa a lissafa yaro cikin 'ya'yan wanda bai haife shi ba. Kalmar "ɗan'uwa" kan haɗa shaƙiƙi da ɗan uba da ɗan baffa. Alkunya kan hana uwa ambaton ɗan fari, sannan ba a cika ƙirga ɓari ba. Kowanne daga waɗannan na iya karkatar da sakamako.

3.2.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa gadon wadanci ya saɓa wa na sikila, wadda sai ɗa ya karɓi ƙwayar daga iyaye biyu take bayyana. Saboda haka auren zumunci ba shi ne ke kawo wannan wadanci ba. Haka nan haihuwar wada a gidan dogaye ba hujja ba ce ta zargin mace ko jingina abin ga iskoki. Zanen salsala yana kawar da irin wannan zargi mai iya kashe aure, yana kuma bai wa wadanni biyu masu niyyar aure damar sanin abin da ke gabansu tun kafin a shafa fatiha.