Haɗa Tsofaffin Faya-fayan Kirsimeti: Aikin Kunne Ne Kafin Na'ura

A lokacin wani matsanancin zafi da aka yi a shekarar 1946, wani mawallafin kiɗa Ba'amurke mai suna Leroy Anderson ya soma tsara kiɗan da ke kwatanta tafiya cikin keken da doki ke ja a bisa dusar ƙanƙara. Bai gama shi ba sai watan Fabrairu na 1948, kuma ya sa masa suna Sleigh Ride. A 1949 ƙungiyar makaɗa ta Boston Pops, a ƙarƙashin madugunta Arthur Fiedler, ta ɗauke shi a faifai. Tun daga nan ya zama ɗaya daga cikin kaɗe-kaɗen da ba a rasa ji a Amurka da Turai duk watan Disamba, ko da yake mai shi bai yi shi domin Kirsimeti ba.

Wannan faifai da ire-irensa suna wahalar da masu sa faifai na zamani, watau waɗanda sana'arsu ita ce su shigo da wani kiɗa cikin wutsiyar wani ba tare da mai saurare ya ji inda aka yi gaɓa ba. Abu biyu ake dubawa a wannan aiki: saurin kiɗa, wanda akan ƙidaya da yawan bugu a minti ɗaya, da kuma gidan murya, watau sautin da kiɗan ya ginu a kansa, yake fita yana komowa gare shi.

Maganar sauri ba ta da tsawo. Kiɗan rawa na yau na'ura ce ke riƙe masa taku, saboda haka yadda ya fara haka zai ƙare. Makaɗan da kuwa sandar madugu suke bi, shi ko madugu mutum ne. Yakan ja linzami idan waƙa ta zo wurin taushi, ya saki idan ta yi armashi. A faya-fayan Mantovani, wanda ya yi suna a Ingila a shekarun 1950, masu goge ma shigowa suke yi rukuni bayan rukuni kamar amsa-kuwwa, har ya zama da wuya a nuna daidai inda bugu ya faɗi. Kwamfuta na iya miƙe irin wannan kiɗa ta daidaita shi, to, amma fa abin da ta cire shi ne daɗin.

Gidan murya shi ne inda aikin yake. A kiɗan Turawa akwai manyan gidaje 12 da ƙanana 12. Domin sauƙaƙawa, wani mai suna Mark Davis ya jera su a da'ira kamar fuskar agogo, abin da ake kira da'irar Camelot: lamba 1 zuwa 12, harafin B ga manya, harafin A ga ƙanana. Ƙa'idar ita ce a tsaya a lamba ɗaya, ko a matsa taki ɗaya gaba ko baya, ko a sauya harafi. Alal misali, daga 6B ana iya zuwa 5B ko 7B ko 6A, kunne ba zai yi ƙorafi ba.

Sleigh Ride yana farawa a 6B. Sai dai ba ya zama a nan. A tsakiyarsa yakan yi ƙaura zuwa 9B, taki uku ke nan, kafin ya komo gida. Wanda ya dogara da lambar da kwamfuta ta rubuta wa faifan, ya shigo da wani kiɗa a daidai wannan wuri, zai ji muryoyi suna karo kamar an haɗa zakaru biyu a akurki ɗaya.

Har ila yau akwai matsalar juyawar faifan kansa. A kan garmaho, idan aka ƙara sauri murya ma takan hau. Ƙarin kashi 6 cikin 100 ya isa ya ɗaga ta rabin mataki, wanda a da'irar Camelot tsallake gida bakwai ne, daga 6B sai 1B. Na'urar Technics SL-1200MK2 da ta fito a 1979 tana ba da damar ƙari ko ragi har kashi 8, watau mai neman daidaita sauri yana iya ɓata murya bai sani ba. Bugu da ƙari, ko da yake a taron London na 1939 an yarda sautin da makaɗa ke ɗaure kayansu da shi ya zama mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, ƙungiyoyi da dama sun ci gaba da ɗaure nasu sama da haka kaɗan. Faya-fayai biyu na iya zama gida ɗaya a takarda, a kunne kuwa su saɓa.

Dabarar da ta fi dacewa ita ce a bar kowane kiɗa ya kai ƙarshen zancensa, a saurari sautinsa na ƙarshe, sa'an nan a zaɓi wanda farkonsa ya yi maƙwabtaka da shi. Anderson ma ya rage wa mai haɗawa wahala, domin gab da ƙarshen Sleigh Ride mai busa ƙaho yakan kwaikwayi haniniyar doki, a ji ƙarar bulala, makaɗa su rufe a 6B inda suka faro. Bayan wannan sai a saki faifai na gaba.