Takardar Da Ke Raba Tsohuwa Da Mai Jinyarta

A ƙasar Amurka, shirin inshorar lafiya na Medicaid, wanda aka kafa a 1965, shi ke biyan masu jinya da ke zuwa har gida su yi wa tsofaffi marasa ƙarfi wanka, su tuna musu lokacin shan magani. Sai dai rajistar ba ta dindindin ba ce. Duk shekara sai an sabunta ta, an tabbatar da abin da mutum ke samu.

Annobar korona ta sa aka dakatar da cire mutane a 2020. Da aka koma tantancewa a Afrilun 2023, sama da mutum miliyan 25 aka cire kafin ƙarshen 2024, kusan bakwai cikin goma saboda matsalar takardu kurum.

A matsayina na manazarcin harshe, Turancin takardar ne ya fi damuna. Gwaggona da ke zaune a unguwar Bronx ta jefa tata cikin tarin takardun talla. Da jikanta ya karanta mini ita ta waya, sai da na ce ya maimaita, duk da digirina na uku, kafin na gane cewa kwana 30 aka ba ta, kuma saura huɗu.