Nijar Bayan Juyin Mulkin 2023: Wa Ya Ɗauki Nauyin Rikicin Manya?

Ranar 26 ga Yulin 2023 dakarun da ke tsaron fadar shugaban ƙasa a Yamai suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, bayan kwana biyu kuma Janar Abdourahamane Tiani ya bayyana a matsayin shugaban majalisar mulkin soja ta CNSP. Tun daga ranar ake ta jayayya kan wanda ke da gaskiya, sojojin da suka ce sun zo ceton ƙasa ne, ko kuwa ƙungiyar CEDEAO da ta ce ba za ta lamunci a ture zaɓaɓɓiyar gwamnati da bakin bindiga ba. Jayayyar tana da muhimmanci, amma ta danne tambayar da ta fi kusa da rayuwar mutane: me ya sami aikin gwamnati na yau da kullum? Talaka ba ya ganin gwamnati a fada. Yana ganinta ne a jikin malamin makarantar ƙauyensu, da ungozomar ɗakin haihuwa, da ma'aikacin da ke rubuta takardar haihuwa a ofishin magajin gari, da wutar da ke riƙe da firjin allurar rigakafi. Abin da ya faru a Nijar ya nuna cewa ɓangarorin biyu duk ta kan waɗannan hidimomi suka bi suka yi faɗansu, kuma wanda ba a shawarce shi ba kafin juyin mulki, ba a kuma shawarce shi ba kafin takunkumi, shi ya ɗauki kaso mafi nauyi na asarar.

Kafin a auna ɓarnar, sai an fahimci dalilin da ya sa ma'aikacin gwamnatin Nijar yake a tsakiyar fili duk lokacin da siyasa ta rikice. Ƙasar ba ta da gaɓar teku, kafin juyin mulkin yawancin kayan da take shigowa da su ta tashar ruwan Kwatano suke bi, su tsallako gadar da ta haɗa Malanville da Gaya. A lokacin, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya ake saye. Kuɗin baitulmali suna ratsawa ne ta babban bankin BCEAO mai hedikwata a Dakar, wanda ƙasashe takwas suka yi tarayya a kansa. Kasafin kuɗin 2023 kuwa an gina shi ne da sa ran kusan kashi 40 cikin ɗari za su zo daga waje, bashi da tallafi. Ƙasar da aka shirya a haka, makullan albashinta da wutarta da magungunanta suna hannun wasu. Tsofaffin ma'aikata sun san haka tun shekarun 1990, lokacin da karyewar darajar sefa a 1994 da juyin mulkin 1996 da na 1999 suka haɗu da janyewar masu ba da tallafi, albashi ya taru watanni da dama ba a biya ba, yajin aiki ya zama ruwan dare, shekarun karatu suka tafi a banza.

Ranar 30 ga Yuli shugabannin CEDEAO suka zauna a Abuja suka murɗa makullan nan gaba ɗaya. Aka rufe iyakoki, aka hana jiragen sama shiga da fita, aka dakatar da hada-hadar kasuwanci da ta kuɗi, aka toshe asusun gwamnati a BCEAO. Takardun lamuni na sefa biliyan 30 da Nijar ta shirya sayarwa a kasuwar yankin aka soke su nan take. Tarayyar Turai da Faransa da Bankin Duniya suka dakatar da nasu kuɗin. Zuwa watan Oktoba gwamnatin soja ta zaftare kasafin shekarar daga kimanin sefa tiriliyan 3.29 zuwa 1.98. Ta yi ƙoƙarin ci gaba da biyan albashi, amma da jinkiri, bankuna kuma suka ƙayyade abin da mutum zai iya cirewa saboda ƙarancin tsabar kuɗi. Wanda bai san yadda albashi ke yawo a gari irin Maraɗi ko Damagaram ba zai ɗauka matsalar ta tsaya a kan mai albashin. Albashin malami guda shi ke ciyar da gidansa da na iyayensa a ƙauye, shi ke biyan bashin mai kanti da na mai nama da kuɗin haya a ƙarshen wata. Idan ya makara mako biyu, mai kanti ba zai sari kaya ba, mai gidan haya ba zai biya magini ba. Malaman kwantiragi, waɗanda su ne suka fi yawa a azuzuwan firamare kuma dama can ɗan abin da ake ba su ya saba makara, su ne ba su da inda za su jingina.

Yanke wutar da Najeriya ta yi a farkon Agusta ya fi kowane mataki shiga cikin gidajen mutane. Yamai da Maraɗi da Damagaram suka koma samun wuta ta 'yan sa'o'i. Fadar gwamnati da barikin soja suna da injin janareta da man da za a zuba masa. Ƙaramin asibitin da ke ajiye jini da alluran rigakafi, da tela, da mai walda, da matar da ke sayar da ƙanƙara don ciyar da marayu, ba su da shi. A kan iyakar Benin kuwa manyan motoci suka yi layi na makonni, cikinsu har da kayan abinci da magungunan hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, a ƙasar da tun kafin juyin mulkin mutum sama da miliyan 4 ke buƙatar agaji. Farashin shinkafa ya tashi, masu sayar da magani suka koka da ƙarewar kaya. Abin lura shi ne, lokacin da CEDEAO ta ƙaƙaba wa Mali takunkumi a Janairun 2022, ta ware abinci da magani da man fetur da wutar lantarki ta ce ban da su. A Nijar ba a yi wannan togaciya ba. Ke nan an san hanyar sassauta wa talaka, aka zaɓi a ƙi bin ta.

Zafin bai tsaya a hayin Nijar ba. Jihohin Najeriya bakwai ne ke iyaka da ita, daga Kebbi har Borno, kuma kasuwannin Illela da Jibiya da Maigatari da Kamba da cinikin Ƙonni da Maraɗi da Damagaram suke numfashi. Direbobi da 'yan dako da dillalan dabbobi suka zauna ba aiki, dangin da auratayya ta haɗa suka koma bin hanyoyin daji don zuwa jana'iza ko suna. Shi ya sa sanatocin Arewa da sarakuna da malamai suka fi kowa ɗaga murya kan a bi hanyar sulhu, majalisar dattawan Najeriya kuma ta ƙi goyon bayan tura soja.

Masu kare matakin CEDEAO suna da hujja mai ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Suna cewa Mali ta faɗi, Gini ta faɗi, Burkina Faso ta faɗi, idan aka bar Nijar ta wuce salin alin to kowane hafsan soja a yankin zai fahimci cewa ƙwace mulki ba shi da farashi, kuma mulkin da ba ya jin tsoron ƙuri'a zai fi cutar da talaka nan gaba fiye da wahalar 'yan watanni. Gaskiya ne juyin mulki na buƙatar martani. Amma mataki ana auna shi ne da abin da ya haifar. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, CEDEAO da kanta ta ce saboda dalilan jinƙai, alhali Bazoum na tsare, sojoji na kan mulki, Nijar kuma ta riga ta haɗa kai da Mali da Burkina Faso a ƙawancen AES ta sanar da ficewa daga ƙungiyar. Lissafin da aka yi shi ne wahala za ta sa jama'a su juya wa sojoji baya. Sai jama'a suka dubi wanda ya kashe musu wuta suka ɗora masa laifi, sojojin suka samu goyon bayan da da wuya su same shi da kansu. An bar jaki an doki taiki. Da an tsaya kan hana shugabannin juyin mulkin tafiye-tafiye da toshe dukiyoyinsu, da saƙon ya isa inda aka nufa ba tare da an taɓa ɗakin haihuwa ba.

Sai dai wanda ya ɗora komai a kan takunkumi shi ma ya faɗi rabin gaskiya ne. Takunkumin wata bakwai ya yi, amma sauye-sauyen da gwamnatin soja ta yi wa aikin gwamnati sun zarce shi. Tun makon farko aka naɗa hafsoshi gwamnonin jihohi. A watan Afrilun 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun gundumomi da na birane da na jihohi, aka maye gurbinsu da kantomomi, da yawansu masu kaki. Magajin garin da aka zaɓa, komai gazawarsa, ɗan gari ne da za a tare shi a masallaci ko wurin ɗaurin aure a tambaye shi zancen rijiyar da ta lalace, kuma ya san zai dawo neman ƙuri'a. Kantoma kuwa wanda ya naɗa shi kaɗai yake wa bayani. Bayan CEDEAO ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ce ta bar iyakarta da Benin a rufe bisa dalilan tsaro, kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja, tsadar hanyar kuma a kan buhun shinkafa take sauka. An kafa asusun FSSP da ake tara masa kuɗi har daga kiran waya da tikitin mota, wato daga aljihun da ya riga ya rame. An sallami ƙungiyoyin agaji irin su ICRC da ke cike giɓin asibitoci a yankunan rikici. A 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa, aka kuma rusa ƙungiyoyin ƙwadagon ɓangaren shari'a har da ta alƙalai. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan ya rage ƙofar da ma'aikaci ko talaka zai ƙwanƙwasa idan an zalunce shi.

Magoya bayan gwamnatin za su ce zancen ƙasa ne, 'yanci ba ya samuwa ba tare da an sha wuya ba, kuma ai a zamanin farar hula ma makarantun zana da asibitocin da ba magani sun cika ƙasar. Za su ƙara da cewa a 2024 an rage kuɗin asibitin gwamnati da rabi, an mayar da haihuwa kyauta, an rage farashin mai. Duk wannan haka yake, kuma kishin da ya fitar da dubban mutane kan titunan Yamai ba na haya ba ne, ya samo asali daga shekaru masu yawa na ganin ƙasar uraniyum tana kwana cikin duhu. Amma rage kuɗin asibiti alkawari ne da baitulmali zai cika wata bayan wata. Nijar ta taɓa gwada irinsa: tun 2006 aka ce jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ce, sai gwamnati ta riƙa makara wajen mayar wa asibitoci kuɗinsu, har kyautar ta zama takardar da ake ba uwa ta je ta sayo magani a waje. Abin da ke hana irin wannan maimaituwa shi ne ɗan majalisar da zai tambayi minista, da ɗan jaridar da zai je ya gani, da ƙungiyar ma'aikatan jinyar da za ta yi magana ba tare da tsoro ba. Idan an rufe bakunan nan, ko mai mulki na da kyakkyawar niyya ba zai ji labarin inda aikin ya tsaya ba. Lalacewar da aka tarar kuwa dalili ce ta ƙara lallaɓa abin da ya rage.

Asarar da ta fi tsanani ita ce wadda ba ta fitowa a kasafin kuɗi. Aikin madatsar ruwan Kandadji, wadda ita ce za ta rage dogaro da wutar Najeriya, ya tsaya a 2023 da kuɗin masu ba da lamuni suka yanke, wato rikicin ya jinkirta maganin cutar da ya tona. Yaron da malaminsa ya bar aji ya tafi neman abin sawa a baki ba a mayar masa da watannin da ya rasa, a ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba. Ma'aikacin da ya ga an sauke shugabansa dare ɗaya yakan koyi cewa zaman lafiyarsa shi ne kada ya sa hannu a komai, kada kuma ya kai rahoton da ba a son ji. Iyaka ana buɗe ta da sanarwa guda, amma ofishin da tsoro ya shiga yakan ɗauki shekaru kafin ya koma aiki da gaske.

Saboda haka akwai abin da ya wajaba a kan kowane ɓangare. CEDEAO da UEMOA, ƙungiyar ƙasashen da ke tarayya a BCEAO, su rubuta a dokokinsu, tun kafin wani rikicin ya taso, cewa abinci da magani da wutar lantarki da hanyar biyan albashin malamai da ma'aikatan lafiya ba sa shiga takunkumi, ko wane ne ya hau mulki kuma ko ta wace hanya. Masu ba da tallafi, idan sun yanke hulɗa da fada, su bar kuɗin makaranta da asibiti suna isa inda aka nufa. Masu mulki a Yamai kuma su mayar wa gundumomi zaɓaɓɓun shugabanninsu, su bar ƙungiyoyin ma'aikata su yi magana, su bayyana wa jama'a abin da ya shiga asusun da ake cirar kuɗinsu dominsa da inda ya tafi. Duk mai cewa don talaka yake yi, soja ne ko shugaban ƙungiyar ƙasashe, a tambaye shi ko malamin ƙauye ya karɓi haƙƙinsa a kan kari, ko mai naƙuda ta tarar da wuta da magani a asibiti. Wanda ya kasa amsa wannan bai cika alkawarin da ya ɗaukar wa mutanen Nijar ba.