Asalin igiyoyin rediyon da ke fitowa daga tarin taurari masu nisa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa murɗa akwatin rediyonsa a Kurmi yana laluben Rediyon Kano ya san shuuu ɗin da ake ji tsakanin tasha da tasha. Akasarinsa daga tsawa da kayan lantarki yake, amma wani ɗan kaso daga sararin samaniya yake saukowa. Wani injiniya a Amurka, Karl Jansky, shi ya fara bayyana haka a 1933.

Taurari rukuni-rukuni suke zaune, kowane rukuni da biliyoyinsa, ana kiransa galaksi. A cibiyar manyan rukunan akwai baƙin rami, wuri mai tsananin ja wanda ko haske ba ya kuɓuce masa. Na galaksin M87, da aka fitar da hotonsa a 2019, ya kai nauyin rana sau biliyan 6.5.

Sa'ad da ramin ke haɗiyar iskar gas, sai gas ɗin ya riƙa kewaya shi yana zafafa. Ba duka ke faɗawa ba. Ƙarfin maganaɗisu kan murɗe wani ɓangare, ya harba shi ta fuska biyu da gudu kusa da na haske. Cikin wannan feshi akwai ƙwayoyin lantarki da ake kira elektron, masu juyawa a jikin maganaɗisun kamar dutse a majajjawa, suna zubar da ƙarfinsu a matsayin igiyar rediyo. Ita ce ke isowa nan duniya, ba saƙon wata halitta ba.

Sai dai kusan ɗaya cikin goma na irin waɗannan galaksi ne ke da feshi mai ƙarfi. Raunanan igiyoyin sauran kuwa, masana na ja-in-ja a kansu: wasu na danganta su da haihuwar sababbin taurari, wasu da gas mai zafi da ke daf da ramin. Warware wannan na da muhimmanci, domin feshin kan ɗumama gas ya hana taurari samuwa.

Afirka na da hannu a binciken. Marigayi Farfesa Samuel Okoye na Jami'ar Nsukka ya yi fice a wannan fanni, yau kuma faya-fayen MeerKAT 64 a Afirka ta Kudu da faifai mai faɗin mita 32 a Kutunse ta Ghana suna sauraren samaniya.