Rajistar makaranta: Inda 'yan Ƙonni, Malbaza da Illela za su fara neman asalinsu

Matasa 'yan asalin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela a jihar Tawa, waɗanda ke zaune a Yamai, Legas, Akara ko Turai, kan ci karo da matsala guda idan suka tashi bin salsalar gidansu. Takardar haihuwar kaka ba ta faɗin ranar da aka haife shi, sai dai a ga an rubuta "né vers 1940", wato wajejen 1940.

Dalili kuwa shi ne, a da ba a saba kai rahoton haihuwa ga hukuma ba a karkarar Nijar. Sai buƙata ta taso ake zuwa kotu da shaidu, alƙali ya kimanta shekaru ya ba da takardar da ake kira jugement supplétif. Sau da yawa shiga lakwal ko zana jarrabawa ne ke jawo wannan buƙatar. Shi ya sa littafin makaranta kan zama takarda ta farko da sunan mutum ya taɓa hawa.

Abin da littafin ya ƙunsa

Makarantun firamare na gwamnati na ajiye babbar rajista, registre matricule, a hannun darakta. A ciki akan rubuta lambar ɗalibi, sunansa, sunan iyayensa, sana'ar mahaifi, garinsu, da shekarar shiga da ta fita. Layi guda ya isa ya nuna cewa kakan da aka sani ɗan kasuwa a Sakkwato, ɗan maƙeri ne daga wani ƙauyen Adar.

Amma sai an yi hattara. Rubutun Faransanci ne, don haka Umaru zai fito Oumarou, Shu'aibu ya zama Chaïbou, Ƙonni kuma Birni N'Konni. A zamanin Turawa iyaye da yawa sun guji boko, har wasu masu sarauta kan tura 'ya'yan barorinsu a maimakon nasu, saboda haka sunan uban da ke rubuce yana iya zama na maigida. 'Yan mata kuwa kaɗan ne a tsofaffin shafuka.

Iyakoki sun sauya

Sai a 2011 Malbaza ta zama gunduma, bayan an cire ta daga Ƙonni. A shekarar ce kuma aka cire Bagarwa daga Illela. Mai neman tsohuwar takarda daga waɗannan yankuna ya kamata ya leƙa tsohuwar hedikwatar ma. Sannan Illela biyu ce: ta Nijar, mazaunin Sarkin Adar, da ta jihar Sakkwato da ke kallon Ƙonni a kan iyaka. Rikita su kan sa a yi ta nema inda babu.

Idan kaka bai shiga boko ba

Akwai sauran ƙofofi. Littattafan ƙidayar haraji da rahotannin rangadi na kwamandojin Faransa suna ambaton garuruwa da masu gari, kuma ana neman irinsu a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Yamai. Takardun gwamnatin Afirka ta Yamma ta Faransa suna Dakar, wasu kuma a Aix-en-Provence. Wanda danginsa suka yi aiki a asibitin Galmi, da mishan ɗin SIM ya buɗe a 1950, ko a kamfanin siminti na Malbaza da ya fara a shekarun 1960, yana da wani zaren da zai ja.

Abin da ya gabaci 1899 kuwa, shekarar da rundunar Voulet da Chanoine ta yi kaca-kaca da Birnin Ƙonni, galibi yana bakin tsofaffi, maroƙan fada da littattafan gidajen malamai. Cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni na adana rubuce-rubucen Larabci da Ajami.

Lokaci dai ba ya jira. Gara da yoyon damina na cin takarda, dattawa kuma na ta tafiya. Duk wanda zai je gida hutu, ya fara zama da tsofaffin gidansu ya naɗi muryarsu a waya, ya rubuta sunaye da laƙabi da garuruwa. Daga nan ya nufi makarantar garin, ya nemi izinin darakta, ya ɗauki hoton shafin da ya shafi danginsa.